Yaron da ya tafi Zariya bai ci amanar kowa ba

'Ya'yana masu riƙe da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin nan, ku yi haƙuri ku ba ni aron kunnuwanku. Maganganun da kuke ta yi a kan yaron nan mai buga muku gaba, wanda ya koma wata ƙungiya a Zariya, sun iso gare ni, kuma ba su yi mini daɗi ba. An ce kun kira shi butulu. An ce ɗayanku ya rubuta a Facebook wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sauranku kuka bi kuna yabawa. An kuma ce kun daina gaida mahaifinsa in kun haɗu a ƙofar masallaci. Biyun farko sai in ce zafin ƙuruciya ne. Na ukun kam ba tarbiyyar Mairuwa ba ce, mutumin nan sa'an iyayenku ne, kuma ina so ku je har gida ku gaishe shi kafin Juma'a ta zagayo.

Ban raina zafin da kuke ji ba. Kai koci, ɗana, kowa ya san wahalar da ka sha a kan yaron. Kai ka tsince shi yana buga tamaula ba takalmi, kai ka koya masa tare ƙwallo da ƙirji, kai ka yi ta rarrashin babansa duk damina don ya bar shi ya taso daga gona kafin la'asar ta yi sanyi. Ba a biya ka ko kwabo ba. Sai da ya kawo ƙarfi, ana gab da gasa, wani ya zo daga nesa ya ɗauke shi. Duk mai zuciya zai ji ciwo. Amma ina so ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka abu guda: da me muka riƙe shi?

Ina bi ta gefen filin nan da yamma, ina ganin abin da ke akwai. Ƙwallo biyu ce, ɗaya baduku ya ɗinke ta ya sake ɗinkewa har ba ta gangarawa daidai. Turakun gola ba raga, in an ci sai ƙananan yara su ruga cikin gona su ɗauko. In za a canza ɗan wasa, wanda zai fita sai ya zauna a bakin layi ya kwance takalminsa, ya miƙa wa wanda zai shiga, da guminsa da komai, shi kuwa ya cusa tsumma a gaba don ya yi masa yawa. Ranar da wani yaro ya gurɗe a idon sawu, a kan babur aka kai shi wurin mai ɗori, uwarsa ce ta kwance bakin zanenta ta biya. Ban faɗi wannan don in ƙasƙantar da ku ba, na san aljihunku. Na faɗa ne don ku ga abin da yaron ya gani ranar da aka ce masa ga wurin kwana, ga abinci, ga takalmi nasa na kansa, ga makaranta. Ku sa kanku a matsayin ubansa, ku gaya mini amsar da za ku bayar.

Sannan akwai abin da kuka fi ni sani, tunda ku ke hawa hanya. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, hankalin iyaye a ƙasar nan bai koma daidai ba. An sako yaran bayan kusan mako guda, alhamdu lillahi, amma an rufe makarantun kwana na tsawon lokaci, kuma wasannin da ke haɗa makaranta da makaranta suka yi sanyi. A da ana cika mota da yara a je wasa Yankara ko Daudawa ko Sabuwa, a dawo bayan magariba ana waƙa. Yanzu kafin uba ya yarda sai ya tambayi wace hanya za a bi, da ƙarfe nawa za a dawo. Uban da ya tura ɗansa Zariya, wataƙila ba ƙwallo ce a gaban ransa ba, so yake yaron ya kwana inda shi ma zai iya runtsawa. Wanda ke cikin wannan hali, addu'a ya cancanta daga gare ku.

Tafiya kuma ba baƙuwar aba ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja. Iyayenku da sun kammala girbi suke tafiya cin rani, su dawo da ruwan farko. Ɗan dambe yana yawo gari gari da kaka, ba wanda ya taɓa ce masa butulu, domin duk inda ya shiga fage makaɗi zai ambaci garinsu, sunan garin ya yi gaba tare da shi. Ku dubi makwabtanmu na Nijar. Tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa, kowace jiha da 'yan kokawarta take zuwa, kuma da sunan jiharsa kowa ke shiga fili. Issaka Issaka ya ɗauki takobi sau da dama, duk wanda ya san sunansa kuwa ya san Doso. Abin da ya kamata ya dame ku shi ne, yaronku zai shiga fili a Zariya, wataƙila gobe a Kano ko Legas, ba kuma wata takarda ko ɗaya a duniya da ta ce daga hannunku ya fito.

A nan nake so in daɗe, don a nan ne asarar take.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da doka a kan wannan. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara da rabonta: shekarun 12 zuwa 15 kowacce tana da kwata na kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuwa kowacce rabin kashi ɗaya. Ku yi lissafin da ni. In yaro ya zauna a hannunku shekaru huɗun nan na farko, kuna da kashi 1 cikin 100. In wata rana Allah ya ɗaga shi aka saye shi dala miliyan ɗaya, wanda a kasuwar Turai ba wani babban ciniki ba ne, rabonku dala 10,000. In aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar, ku sake samu. Ban da wannan akwai kuɗin horo da ake biya idan yaro ya fara sa hannu a matsayin ƙwararre a waje. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris wanda ke bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe ya kai su ga masu su.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne ba ku cika ba. Sai ƙungiya tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, sai kuma an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar, shekara bayan shekara. Ana bin tarihin ɗan wasa ne a rubuce. Shekarun da ba a rubuta kowa ba, ba a neman kowa. Ku kuwa ko littafin sunaye ba ku da shi, sai jerin da koci ke rubutawa a bayan kwalin sigari ranar wasa. Kun yi shekaru kuna renon yara, waɗanda suka zo daga baya da takarda da biro su ne za a kira iyayen gidansu. Wannan ba laifin yaron ba ne, ba na ubansa ba, ba ma na mutanen Zariya ba. Kuɗin motar zuwa Katsina da na rajista bai kai abin da kuke kashewa a gidan kallo cikin kakar Firimiya guda ba, in kuka haɗa hannu.

Ku ɗauki Ahmed Musa, tunda duk kun san shi. A Jos aka haife shi a 1992, a can ya fara. Ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, a 2010 ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holand. Ku lura, sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba sannan aka ba shi damar buga musu, domin doka ta hana kai yaro ƙasar waje kafin wannan shekara sai bisa wasu dalilai ƙalilan. Daga nan Rasha a 2012, Ingila a 2016, sannan Saudiyya. Ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya zura wa Aisland biyu a ta 2018. Da Kanawa sun bi shi da zagi ranar da ya tafi, kuna jin zai zo ya gina wurin wasanni a Kano? Kuna jin zai dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021? An sallame shi da mutunci, shi ya sa hanyar dawowa ba ta yi masa nauyi ba. A gefe guda ga Rabi'u Ali, wanda ya shafe shekara da shekaru a Pillars har ya zama in an yi wa ƙungiyar kirarin Sai Masu Gida shi ake fara tunawa. Shi ma ba igiya aka sa masa ba. Ya zauna ne domin akwai albashi, akwai filin Sani Abacha cike da mutane, akwai kofunan gasar ƙasa na 2012 da 2013 da 2014.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan kuka. A Amurka akwai wani wasa da ake kira lakuros, ana yin sa da sanda mai 'yar raga a kai, asalinsa na mutanen farko ne na ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Shekaru masu yawa cibiyarsa jihohin Meriland da Niyok ce, jami'o'i irin su Johns Hopkins da Syracuse suna ɗibar yaran da ke kusa da su hankali kwance. Da wasan ya bazu, jami'o'in nesa suka fara zuwa neman yaran, har jami'ar Denver da ke can yamma ta ɗauki kofin ƙasa a 2015. Rige-rigen ya yi tsanani har masu horarwa suka koma yi wa yara 'yan shekara 13 da 14 alkawarin gurbi, sai da hukumar wasannin jami'o'insu ta sa doka a 2017 cewa ba mai tuntuɓar yaro sai ranar 1 ga Satumba ta shekarar da ya shiga ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Ga kuɗi, ga gine-gine, duk da haka yaransu na tafiya. Abin da masu horarwar jami'o'in suke yi shi ne su je gidan iyaye su zauna, su shimfiɗa abin da ke hannunsu: ga tallafin karatu, ga masauki, ga likita in ya ji rauni, ga takardar digiri in wasa ya ƙi. Abin da nake so ku ɗauka a wurinsu ke nan, wato ƙwallo da karatu a tafe suke tare.

Mu ma ba mu rasa manyan makarantu ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fi birnin Katsina kusa da mu. Ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Jami'o'in ƙasar nan suna da gasarsu ta NUGA tun 1966, kwalejojin fasaha da na ilimi su ma kowa da tasa. Yaron Mairuwa da ya shiga ɗaya daga cikinsu bai yi nisa da gida ba, hutu ya zo ya buga muku, kuma ko ƙwallo ba ta karɓe shi ba ya fito da abin cin tuwo. Sai dai ƙofar shiga ba ƙafar hagu mai ƙarfi take tambaya ba. Tana tambayar sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tana tambayar makin JAMB. To, ɗana koci, cikin yaran da ke gabanka, nawa ne ka san ajinsu? Nawa ne suka bar makaranta tun aji uku na ƙaramar sakandare ba ka ce musu komai ba, saboda suna ci maka ƙwallo? Na ga yara cikin kayan makaranta a fili da hantsi, lokacin da ya kamata suna aji, kuma ba wanda ya kore su. Wannan ya fi tafiyar yaro ɗaya zuwa Zariya ci mini rai.

Ka sa doka: wanda bai je makaranta ba ranar, ba ya taɓa ƙwallo ranar, ko da shi ne gwaninku. Da farko za ku sha kashi a wasa ɗaya ko biyu, za a yi maka surutu. Ka daure. Iyayen da ke ɓoye takalman 'ya'yansu yau su ne za su riƙo hannunsu su kawo maka, in sun ga filin nan yana tura yaro aji. Sannan ku shirya ku je ku sami masu kula da wasanni a makarantun da na lissafa, ku gabatar da kanku, ku gayyace su ranar wasan ƙarshe na gasa. Haka ma Katsina United, ƙungiyar jiharmu ce, filin Muhammadu Dikko na kowa da kowa ne. Nisan da ke tsakaninmu da babban birni ba ƙarami ba ne, mai neman 'yan wasa ba zai san da ku ba in ba ku kai kanku ba.

Akwai tafiyar da nake so ku tsaya tsayin daka ku hana, kuma ita ce ba ku cika magana a kanta ba. Wani zai sauka a gari da babbar waya da hotunansa a filayen Turai, ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, ya ce yaro ya dace da gwaji a ƙasar waje, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Uba ya sayar da san noma, ko ya jinginar da gonar fadama da ke ba shi tumatir da albasa da rani. Daga nan ko dai wayar ta daina shiga, ko a kai yaron wata ƙasa a ajiye shi a ɗaki da irinsa goma, biza ta ƙare, kunya ta hana shi kiran gida. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa, da takardar gayyata mai sunanta. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi don ya kai yaro ɗan shekara 15 Turai, ƙarya yake yi, dokar da ta tsayar da Ahmed Musa har ya cika 18 tana nan. Ku da kuka san wannan, haƙƙi ne a kanku ku gaya wa iyaye, ciki har da mutumin da kuka daina gaisarwa, don yanzu ɗansa ya shiga inda irin waɗannan mutane ke shawagi.

Sai maganar shekaru, wadda na san ba a son tayar da ita. Kada hannunku ya shiga rage wa yaro shekara. Ƙarya ce, kuma ƙarya haramun ce ko a fili ko a kasuwa. Ban da haka ma ta daina ci. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, na ƙarshe a 2015, amma a 2016 na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu ta fitar da yara 26 daga sansani ana gab da wasa da Nijar. Nijar ta fitar da mu, ita ta je gasar duniya a Indiya a 2017. In aka yi wa babba rajista a matsayin ƙarami, an danne haƙƙin ƙaramin gaske da ke zaune a benci, shi kuma babban an ɗora shi a kan abin da zai rushe da shi rana tsaka. Ku tura iyaye su karɓi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tun yara suna ƙanana, ku riƙe kwafi.

Ga abin da zan iya yi daga ɓangarena. Zan yi wa masu gari magana a kan filin, a auna shi a rubuta cewa na wasa ne, kafin a wayi gari a ga an kafa harsashin shago a inda gola ke tsayawa. Zan kuma zagaya wurin 'yan kasuwarmu na hatsi da na auduga, waɗanda ke nan da waɗanda ke Funtuwa, kan kuɗin rajista da raga da akwatin magani. Amma ba zan je hannu rabbana ba. Mutum ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga tsari. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane yaro shafinsa: sunansa da na mahaifinsa, ranar haihuwa, makaranta da aji, ranar da ya fara zuwa fili, hotonsa, da sa hannun uba ko dangwalen yatsansa. Ku fara da ƙananan nan masu ɗauko ƙwallo daga cikin gona, don su ne ba su kai 12 ba tukuna, lissafinsu bai fara ba. Shi ma na Zariya ku buɗe masa shafi, ku rubuta masa takardar sallama mai kyau da ke nuna shekarun da ya yi a hannunku, koci ya sa hannu, a kai wa sabuwar ƙungiyarsa.

Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ku zo da littafin, ku zo da sunayen yaran da suka daina zuwa makaranta, mu ga gidan da za mu fara shiga. Allah ya yi muku albarka.